Zuwa ga Baba, Malamin da Ya Bi Ɗalibinsa Aikin Hanya

Da sunan Allah nake farawa.

Takarda ta fito daga hannun 'yarka Hauwa'u, wadda ba ka taɓa kira da wani suna ba sai Kulu, zuwa ga mahaifina kuma malamina, Malam Yahuza na Didawure. Gaisuwa mai yawa, da ladabi, da durƙuso irin wanda ka saba gani a ƙofar zaurenka. Ina tambayar kwanciyarka, ina fatan ƙasar da aka rufe ka da ita ta yi maka sauƙi. In ka tambaye mu, muna nan Dapango lafiya, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka da kyau bana, dawa ta fid da kai, gwiwoyina ne kawai suka fara yi mini gardama.

Bayan haka, Baba, na san takarda ba ta isa inda kake. Na kuma san matan da ke karatu a wurina za su karɓe ta hannu da hannu tun tawadar ba ta bushe ba, don su ne suka tayar da maganar. Ɗaya daga cikinsu tana shirin buɗe makaranta a gidan mijinta, ta zo ta tambaye ni abin da mutum yake buƙata kafin ya zama malamin kirki. Na buɗe baki zan ce ilimi, zan ce haƙuri, sai na ji amsar ta yi mini kaɗan. Da na zauna ina neman sauran, sai na iske ba ni da komai sai labarinka. To, gara in ba ka shi kai da kanka, su kuwa su saurara daga gefe.

Ka tuna gidanmu na Sokode? Zaure mai ƙofa biyu, ceɗiya a gabansa, alluna jingine da bango kamar masu jiran salla. A lokacin Jamus sun riga sun zauna a barikinsu bisa tudu, muna jin busar ƙahonsu safe da yamma.

Ba kai ne ka fi kowa ilimi a unguwa ba, kai ma da bakinka kake faɗa. Akwai malaman da gafakarsu ta fi taka nauyi, kuma kana zuwa ɗaukar karatu wurinsu ba tare da jin kunya ba. Amma ban taɓa ganin wanda yaro yake hana wa cin abinci ba sai kai. In yaro ya kasa gane harafi, sai ka ture akushi gefe ka zauna kana shafa gemu. Kana cewa, "Yaron nan bai ƙi karatu ba, ni ne ban gano ƙofarsa ba tukuna." Bulalar da aka ba ka ranar da ka buɗe makaranta tana nan rataye a bango har gara ta cinye ta.

'Ya'yan Kotokoli da ake kawo maka ba su jin Hausa, sai ka zauna gaban Inna, mahaifiyata, da yake ita ma 'yar Kotokoli ce, kana koyon harshensu, tana gyara maka tana dariya har da hawaye. Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta raba "ka" da "ki" ba, ni da kai duk "ka" take ce mana.

Ba zan ɓoye maka ba, Baba, zama da kai ba sauƙi. Ƙosai da wasa-wasan Inna su ne suka riƙe gidan nan. Ka tuna daminar da ɗakinmu ke yoyo? Ta yi ta magana har ka sayo shuci ka hau jinka. Ka yaye tsohuwar ciyawa ke nan, sai ka jiyo wani yaro a zaure yana taƙaddama da wasali. Ka sauko don ka gyara masa, ba ka sake tuna jinkar ba sai da hadari ya haɗo. Ranar a tsaye muka ci tuwo, ruwa na zuba cikin miya. Inna ta ce, "Malam yana da gida, sunansa zaure. Mu nan maƙwabta ne."

A shekarar ne Salifu ya shigo rayuwarmu. Ɗan dako ne, ƙato, wuyansa kamar turmi, gammo ya cinye gashin tsakiyar kansa. Ba shi da mata, ba shi da dangi a garin. In ya sauke kayan fatake yakan zo wurin Inna ya ci wasa-wasa, daga nan sai ya tsaya a inuwar ceɗiya yana yi kamar hutawa yake yi. Kai ka lura kunnensa na zaure. Ka aika ni in kira shi. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya ce sa'o'insa 'ya'yansu ne ke karatu yanzu, shi lokacinsa ya wuce. Abin da yake so kawai, kafin ya mutu ya dubi allo ya karanta da idonsa, ba a biya masa ba.

Ranar farko ya karya alƙalami da yatsunsa, yara suka fashe da dariya. Ba ka tsawata musu ba. Ka tashi daga kan buzunka ka naɗe shi, ka zauna a ƙasa kusa da Salifu, kafaɗa da kafaɗa. Dariyar ta mutu da kanta.

Kansa da tauri, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya koya da safe, kafin la'asar ya zube. Damina ta shiga ta fita yana kan babbaƙu. Da aka zo wasali kuwa sai abin ya tsaya cik. Na ga ka rame a kan mutumin nan. Wata rana kana kallonsa yana ɗaure kaya a bakin kasuwa, sai ka dawo gida da sauri har kana tuntuɓe. Ka ce masa kowane harafi ɗan dako ne, wasali kuwa kayansa ne: wannan ya ɗora a ka, wannan ya rataya a ƙasa, wannan ya rungume a gaba, kuma nauyin kayan ne ke canza masa murya. Salifu ya ƙura wa allo ido. Can sai ya haɗa harafi biyu da kansa, ya ɗago ya dube ka a tsorace, kamar wanda ya ji bango ya yi magana.

Ba a jima ba, bayan an gama girbi, masinjan bariki ya zo da dogarai. Jamus suna son mutanen da za su yi hanyar da za ta tafi arewa har Mango. Kowace unguwa ta ba da maza, kowa da kwandonsa, kowa da guzurinsa. Sarkin zongo ya roƙa aka cire malamai da tsofaffi. Salifu kuwa, da ba shi da mai tsaya masa, shi aka fara nunawa.

Ya zo da yamma ya ajiye allonsa a gabanka, ya ce a ba wani yaro. Ka ƙi karɓa. Washegari ka bi gidajen malamai kana raba musu ɗalibanka, kana gaya wa kowane malami halin kowane yaro: wannan ba ya son tsawa, wannan sai ya ci abinci kansa ke buɗewa, wannan kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Da ka dawo sai ka ɗauki kwandon da Inna ke zuba doya a ciki.

Ban taɓa ganin fushin Inna irin na ranar ba. Ta yi da Hausa, Hausa ta ƙare mata ta koma Kotokolanci. Mutane suna ɓuya a rumbu don kada a kai su aikin nan, kai kuma da aka cire ka za ka kai kanka! Ka bari ta gama, sannan ka ce, "Yaran suna da shekaru a gabansu, Salifu ba shi da su. Yanzu wutar ta kama. In na bar ta ta mutu, ba za ta sake kamawa ba."

Da gari ya waye sai muka ga Inna ta ɗaure tukwanenta da kaskon suya, ta ɗora mini ƙullin garin wake a ka. Ta ce da maƙwabta, "In ban bi shi ba zai mance da ci, a tsince shi a hanya da alƙalami a hannu." Haka muka shiga cikin matan da ke bin ma'aikata suna dafa musu abinci. Ni a lokacin ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba.

Baba, motoci suna bin hanyar nan yanzu, itatuwan da kuka dasa a gefenta sun zama manya, matafiya suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu. Ba wanda ya san hannun da ya haƙa ramukan. Ni na sani. Na ga hannun da bai saba da komai ba sai alƙalami ya tsage yana jini. Na gan ka da kwandon marmara a ka, ƙafafunka na rawa, Salifu na binka a baya yana kwashe rabin duwatsun zuwa nasa kwandon in soja ya juya baya.

In rana ta take aka ba da hutu, kowa sai ya zube ƙarƙashin ɗorawa kamar gawa. Kai kuwa sai ka share ƙasa da tafin hannu, ka ɗauki tsinke, ka ce da Salifu, "Ina muka tsaya?" Shi ma a gajiye yake, wani lokaci idonsa na rufewa. Amma yakan ja jiki ya matso.

Da farko ku biyu ne. Daga baya wasu samarin zongo suka matso. Sannan mutanen Kabure da na Basari, waɗanda ba su salla, ba su jin Hausa, suka fara tsayawa daga nesa suna kallon zanen. Ba ka tambayi kowa abin da yake bauta wa ba. Ka kira ɗaya, ka tambayi sunansa da hannu, ka rubuta masa a ƙasa. Mutumin ya tsuguna ya kewaye rubutun da duwatsu don kada a taka. Da aka tashi daga wurin zuwa gaba, na gan shi yana waiwaye.

Akwai wani soja dogo mai tsaga a kumatu, Bahaushe ne irinmu amma cikin kayan Jamus. Ya ga taro kullum a wuri ɗaya, ya ce asiri kake binne wa Bature a hanya. Ya murje rubutun da ƙafa, ya sa aka kwantar da kai a gaban mutane ya zane ka da dorina. Inna ta danna fuskata a cikinta don kada in gani, amma kunnena a buɗe yake. Salifu sai da mutane suka danne shi.

Da yamma Inna na gasa maka baya da ruwan zafi tana shafa man kaɗe, ta ce to, yanzu sai ka bari. Washegari da rana ta take, ba ka iya zama ba, sai ka kwanta rubda ciki a inuwa, ka miƙa hannu ka share ƙasa. Sojan ya zo ya tsaya a kanka. Ya daɗe yana kallon bayanka, yana kallon tsinken. Daga ranar, in lokacin hutu ya yi, sai ya ɗauki abincinsa ya tafi can nesa ya zauna, ya juya muku baya.

Mun kai bakin kogin Oti, gab da Mango, sai agana ta faɗo cikin ma'aikata. Jamus suka sa aka kafa bukkoki a bayan wani tudu, duk wanda ƙuraje suka feso masa a kai shi can, a ajiye masa ruwa daga nesa. Suka tare hanyar kudu, ba mai komawa gida. Salifu na cikin waɗanda ta fara kayarwa.

Inna ta yi agana tun tana yarinya, zanenta na fuskarta, don haka ba ta jin tsoro. Ni aka kai ni zongon Mango wurin wata tsohuwa mai saƙar tabarma. Kai kuwa ba ka taɓa yi ba, kuma ka sani. Amma ka ɗauki allo da buta ka shiga bukkar.

Abin da ya faru a ciki ban gani ba, Salifu ne ya ba ni labari bayan shekaru, yana kuka da gemunsa fari. Ya ce kai kake ɗiga masa kunu a baki, kai kake kore masa ƙuda. Ya ce ranar da zazzaɓin ya sake shi, ya buɗe ido ya ga allon jingine a gabansa da wata gajerar sura da ka rubuta, wadda ba ka taɓa biya masa ba. Ka ce, "Ba ni da ƙarfin karantawa yau, kai ka karanta mini." Ya fara harafi harafi, yana tsayawa yana komawa baya, leɓɓansa duk a fashe, har ya kai ƙarshe. Ya juyo don ya ga fuskarka, sai ya ga jikinka na kaɗawa, goshinka ya fara fesowa.

Allah Ya yi da sauran kwananka, ka tashi. Amma da aka kawo ni wurinka, na durƙusa na gaishe ka, sai ka juya fuska wajen da ba nan nake ba. Idanun sun yi fari kamar an zuba nono.

Jamus ba su da amfani da makaho, ba su da amfani da wanda ciwo ya rage wa ƙarfi, suka sallame ku. Kudu a rufe take. Inna na da ƙane mai fataucin shanu a Dapango, sai muka fuskanci arewa. Ba ka iya tafiya ba. Salifu, da shi ma ƙasusuwansa ke waje, ya ɗaure ka a bayansa da rawaninka. Ina biye da ku ina kallo: kana zana masa harafi da yatsa a kafaɗa, shi kuwa yana faɗin sunansa da ƙarfi yana haki. In ya yi kuskure sai ka ja masa kunne a hankali. Mutanen Moba da ke gonakinsu suna miƙewa suna kallon ƙaton da ke goye da babban mutum yana magana shi kaɗai.

A hanya kana da walwala, don kana zaton idon zai washe. A Dapango aka gwada duk abin da aka sani, na Fulani da na Moba, aka ɗiga, aka turara, aka wanke. Da ka tabbata ba zai dawo ba, sai ka yi shiru. Salifu ya bi masu kora shanu don ya samo mana abin da za mu ci. Ka shiga ɗaki ka juya fuska ga bango. Salla kawai ke tashe ka. In na kawo abinci sai ka taɓa kaɗan ka ture. Ka ce in ba da gafakarka ga duk mai so. Wannan shi ne lokacin da na fi jin tsoro a rayuwata, ya fi ranar dorina, don ranar dorina ka san abin da za ka yi gobe.

Dapango a lokacin ƙaramin wuri ne, zongon bai wuce 'yan gidaje ba, ba makaranta ko ɗaya. 'Ya'yan masu shanu suna yawo a kasuwa. Kuma ka san wadda ta tattaro su? Inna. Matar da ta yi shekaru tana faɗa da zaurenka. Ba ta san alif ba, amma ta san ka. Ta bi gida gida, ta yaudaro yaran da ƙosai mai zafi, ta zaunar da su daidai ƙofar ɗakinka, ta miƙo mini tsinke ta ce, "Ka koya musu. Ka ɗaga murya."

Ni me na sani? Na iya karatuna, amma ban iya ba da shi ba. Ina faɗa suna maimaitawa kamar tsuntsaye, in na nuna harafi su dubi kaskon Inna. Kwana da kwanaki muna haka, ɗakinka shiru. Wata safiya wani ɗan ƙaramin yaro ya kasa raba ba da ta, na faɗa na sake faɗa, na gaji na daka masa tsawa, ya ɓare baki da kuka. Sai muka ji tabarmar ƙofa ta motsa. Ka fito kana lalube bango, ƙafafunka kamar kara. Ka ce, "Kulu, ba haka ake yi ba. Kawo mini shi nan."

Ka zaunar da shi a cinyarka har ya yi shiru. Ka tambaye shi sunan akuyar gidansu. Sannan ka kama yatsansa ka zana kwale-kwale a ƙasa, ka ce wannan ya jefar da dutse ɗaya cikin ruwa, wannan kuwa ya ɗauko fasinja biyu. Yaron ya yi dariya da majina a hanci, ya faɗa daidai. Na waiga wajen murhu, na ga Inna ta sunkuya tana hura wutar da ke ci sarai, tana goge ido tana zagin hayaƙi.

Ranar ka cinye tuwonka har ka nemi ƙari.

Daga nan na zama hannunka da idonka. Ni nake dafa tawada, ni nake fiƙe alƙalami, ni nake rubuta alluna, kai kana zaune a tsakiya kana saurare. Yara su cika tsakar gida kowa na karanta nasa, amma ka tsamo muryar ɗaya ka ce ya koma baya. Kana cewa da ni, "Kada ki jira kuskure. Saurari numfashinsa, yaro yakan ji tsoro kafin ya ɓata."

Gaskiya, Baba, a farko tausayinka ne ya zaunar da ni, ba son aikin ba. Ina kallon sa'o'ina suna tafiya kasuwa da rafi, ni ina fama da baƙin hannu. Ka sani, ba ka taɓa ce mini komai ba.

Sai Jebbu ta zo, 'yar Fulanin da ke kawo mana nono daga ruga. Takan ajiye ƙwarya ta tsuguna a bakin ƙofa, ba ta jin Hausa sai ta ciniki. Ka ce wannan tawa ce, kai ba za ka sa baki ba. Na yi duk dabarun da na gani a wurinka, ba wadda ta ci. Na fara kwana da ita a rai. Ina daka ina tunaninta, ina wanka ina tunaninta. Rannan na bi ta har ruga, na ga yadda take kiran shanun ubanta ɗaya ɗaya, ta san kowace da lanƙwasar ƙahonta. Na dawo na zana mata haruffa manya a ƙasa, na nuna mata ƙahon kowanne, wanda ya miƙe, wanda ya karkata, wanda ya naɗe. Sai ta sa yatsa ta fara kiransu, ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da take kiran shanu.

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Na tashi da gudu in gaya maka, na yi fatali da tukunyar tawada, ta wanke mini zane. Ka yi dariya har ka riƙe ciki. Ka ce, "Shi ke nan, Kulu. Ya kama ki. Wannan ciwon ba shi da magani, ni ma haka ya yi mini."

Gaskiya ka faɗa. Na yi aure, na haifa, na binne, na ga yunwa na ga ƙoshi, amma ban taɓa wayar gari ban ji ina son jin muryar mai karatu ba. Na ga masu ilimi da yawa sun buɗe makaranta sun rufe, ba don ilimin ya gaza ba. Ilimi yana zama a ƙirjin mai shi lafiya lau, ba ya damun kowa. Sai in akwai wani abu da ke hana mutum sukuni har ya ga ya ƙetara zuwa ƙirjin wani. Ban san sunan abin ba. Na dai san ya ci maka ido, ya ci wa Inna ƙuruciya, kuma da za a mayar da ku baya, kai kwandon za ka sake ɗauka, ita kuma tukwanen.

Da yaƙin Turawa ya zo, Jamus suka tafi kamar ba su taɓa zama ba, wasu Turawan suka maye. Hanya ta buɗe, aka aiko daga Sokode mu koma. Ka ce Sokode na da malamai, nan kuwa in ka tashi wa zai zauna? Salifu ya sauke karatu a hannunka, ya yi aure, ya koma wani ƙauye wajen Naki yana limanci yana koyar da yara. Ɗalibansa sun ce bai taɓa zama bisa buzu ba.

Saura in gaya maka abin da ba ka gani ba a ranarka ta ƙarshe.

Safiya ce, an fara karatu, ka jingina da bango kana saurare kamar kullum. Ka kwana biyu jikinka ba daɗi, amma ka hana a sallami yara. Can sai ka ɗaga hannu ka ce, "Akwai muryar da ban ji ba. Ina Musa ɗan gidan mahauta?" Na duba, ba ya nan. Na ce wataƙila an aike shi. Ka ce a'a, jiya muryarsa ta yi ƙasa, wani abu na damunsa, in je in dubo shi. Na ce bari in gama allon da ke hannuna. Ka ce, "Allo zai jira."

Na same shi a bayan kasuwa yana jifan ƙadangaru. Ashe yara ne suka yi masa dariya don ƙanensa ya wuce shi. Na lallashe shi, na riƙo hannunsa muka taho.

Tun daga waje nake jin karatu na tashi, har ya fi na kullum ƙarfi. Muka shiga. Kana nan inda na bar ka, kanka ya ɗan karkata gefe, kamar yadda kake yi in kana bin muryar wani. Na durƙusa na ce, Baba, ga Musa. Ba ka amsa ba. Na taɓa hannunka.

Yaran ba su sani ba. Sun ga ka yi shiru ba ka gyara wa kowa ba, sai suka ɗauka yau kowa na karanta daidai, suka ƙara ƙaimi don su faranta maka. Inna ta fito daga madafa, ta dube ni, ta dube ka, ta gane. Na buɗe baki zan tsayar da su, ta girgiza mini kai. Ta zo ta zauna a gefenka ta gyara maka hula. Ni kuwa na zaunar da Musa a gabanka, na ɗora masa allonsa a cinya, na nuna masa inda zai fara. Muka bar su suka kai aya.

Ya Allah, ga bawanka Yahuza. Ka haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya. Ka sanyaya bayan da aka daka, Ka karɓi kowane harafi da ya zana a allo da ƙasa da kafaɗar mutum. Ka jiƙan Inna, Ka ba ta ɗakin da ba ya yoyo. Ka jiƙan Salifu da duk waɗanda suka kwanta a gefen hanyar nan ba a san sunansu ba. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da kyau, Ka tashe mu cikin masu karatu. Amin.

Ka huta, Babana. Na ji ƙafafun ɗalibaina a ƙofa, bari in je in buɗe.

Wassalamu.

'Yarka kuma ɗalibarka,
Kulu
Zongon Dapango